Mai Kiran Hynek

A kulob ɗinsu na tseren ƙananan jiragen sama a garin Nymburk ba a tsere kai kaɗai. Kana riƙe da rimot, wani na tsaye a bayanka yana faɗa maka lokacin juyawa, domin ƙaramin jirgin ya fi ido gudu, turken nesa da ake zagayawa kuwa ba a ganinsa da kyau. Juya kafin turke, a kunna maka jar fitila. Fitila biyu, ka fita.

Gurbi ɗaya ya rage a tawagar da za ta je gasar ƙasa. Ko Hynek, ko Lumir. Ranar fidda gwani kuwa mai kiran Hynek ya kwanta mura.

"Lumir zai kira maka," in ji Kubat, shugaban kulob, yana juya nama a kan garwashi.

"Lumir? Shugaba, kura za ka ba ajiyar nama?"

"Haka muke yi tun kana rarrafe. Wanda ya sauka shi ke kira wa na gaba."

Lumir ya riga ya yi nasa tseren, ya yi lokaci mai kyau. Ya iso yana lasar miyar mastad a yatsa. "Bijimi, hannunka rawa yake. Batirin ne ya yi sanyi ko kai?"

Hynek ya ɗauki rimot ɗinsa.

Aka ɗaga tuta. Lumir ya wurga jirgin Hynek sama, ya wuce da ƙara kamar zarto. Hynek na lissafi a ransa: Lumir zai jinkirta kira, in yi ta zagaye mai faɗi, lokaci ya tafi. Da jirgin ya doshi turke, bai jira ba, ya karya kwana.

Jar fitila.

"Uban wa ya ce ka juya?" Lumir ya damƙi kafaɗarsa. "Kunne gare ka ko hannun tukunya? Jira ni!"

Saura kuskure ɗaya. Hynek ya cije leɓe. Jirgin ya sake miƙewa, yatsansa na ƙaiƙayi, zuciya na cewa yanzu, yanzu. Ya daure.

"Juya!"

Fiffike ya kusa shafar turke. Babu fitila.

"Juya!" "Sauko ƙasa, ba duniyar wata za ka ba!" "Juya!"

Hynek bai taɓa tafiya a matse haka ba. Ya daina tunani. Murya ta faɗa, yatsa ya bi.

Da Kubat ya karanta lokaci, har da tarar fitilar, Hynek ne gaba, da ƙyar. Fili ya ɗau ihu. Aka kama shi hannu da ƙafa, aka yi ta cilla shi sama har hularsa ta faɗa cikin ciyawa.

Lumir na gefe yana naɗe waya.

"Me ya sa?" Hynek ya tambaye shi, yana haki.

"In kira a banza mutane su ce ban iya ba? Je ka kawo giya. Kuma kujerar gaba tawa ce a motarka, don ba ka zuwa gasar nan da wancan mai majinar."