Ramammun Faranti

Farfesa, shugaban ɗakin binciken, ko zama bai yi ba ya faɗa wa Likita: in gwaji na gaba ma ya faɗi, zai rufe aikin, ya ba wani gurbinta na cikin firiza.

Likita ba ta yi musu ba. Likitar dabbobi ce, kuma ƙuruciyarta ta ƙare a kan abu guda, wata bakteriya mai amfani da ta samo a hanjin wata lafiyayyar saniya. Burinta ƙwayar ta zauna a hanjin maruƙa, ta tare wa masu kawo zawo hanya. A farantin da ake renon ƙwayoyin kam abin gwanin sha'awa ne, ɗigo-ɗigo ɓul-ɓul, shuɗaye, saboda alamar launin da ta yi musu don ta riƙa gane nata. Amma da an ɗura wa maraƙi, kafin mako ya zagayo ko ɗaya ba a samu a kashinsa. Kamar an shuka dusa.

Washegari da hantsi tana wanke hannu, Dogo, abokin aikinta, yana mayar da ƙwayoyin sabon faranti. Ta ga tsinken ƙarfensa ya tsallake ƙananan ɗigo, ya sauka a kan wanda ya fi ƙiba.

"Dogo, me waɗancan suka yi maka?"

"Ramammun? Haba Yaya, wa ke shiga kasuwa ya zaɓi ramamme? Ke ma haka kike yi. Farfesa ma haka."

Gaskiyarsa. Kowa haka aka koya masa, hannu ya saba har ido ya daina gani. Ta yi tsaye ruwa na kwarara a yatsunta, sai da Dogo ya miƙo hannu ya kashe famfon.

A jikin bakteriya akwai wata ƙwayar gado da ke farkawa idan wuya ta zo: tsamin ciki, ɗacin maɗaciya, yunwa. Maigadi ce, maigadi kuwa sai an ciyar da shi. A faranti, inda ɗumi da abinci ba sa yankewa, duk wadda ta sallami maigadinta ita ke rigan 'yan'uwanta ƙiba. Su kuma shekara da shekaru mai ƙibar suke ɗauka, su yar da sauran.

Ta sa aka duba. Ƙwayar gadon ta lalace a duk abin da suke ɗura wa maruƙan.

Ta durƙusa gaban firiza, ta yi ta ture ƙanƙara har yatsunta suka mutu, ta zaro 'yar kwalbar farko, wadda ba a taɓa ba tun ranar da aka ɗebo daga saniyar. Da ta shuka a faranti, abin da ya tsiro bai fi kan allura ba, shi ma sai da aka gaji da jira.

Farfesa ya leƙa ta saman tabarau. "Waɗannan za ki ba maruƙa? Su kansu magani suke nema."

"Ranka ya daɗe, ai ba a faranti za su zauna ba."

Ta fara jefa rukuni biyun cikin ruwan tsami mai ɗacin maɗaciya. Masu ƙiba suka mace ƙurmus, ramammu suka fito da ransu. Sannan ta ɗura wa maruƙa ramammun, ta janye hannu, ta jira. Kowace safiya sai ta zura takalman roba, ta ɗauki cokali da kwalabe, ta bi bayan maruƙan a garke.

"Yaya, mutane suna bin shanu don nono," in ji Dogo.

"Riƙe min kwalbar, kai dai."

Makon farko farantin da aka shafa wa kashinsu ya fito shuɗi. Ta ci gaba da aikinta, don ta sha ganin murna ta koma ciki. Mako na biyu ma shuɗi. Maruƙan da a da sai an tallafe su suke tashi, yanzu har tunkuyi suke mata a gwiwa, gindin wutsiyarsu a bushe.

Ranar da Farfesa ya shigo, Dogo ya buɗe akwatin ɗumin da ake renon ƙwayoyin, ya miƙa masa faranti. Ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana kallo.

"Na yaushe ne?"

"Kashin jiya ne. Rabonsu da ɗuri tun watan da ya wuce."

"Wato sun zauna."

"Har sun hayayyafa, ranka ya daɗe."

Ya ajiye farantin a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ya yi gyaran murya.

"Gurbin nan naki zai ishe ki kuwa?"

"Ba zai isa ba," in ji Likita. "Kuma babban garken nake so, har da 'yan awaki."

Dogo ya dafe kai. "Shi ke nan. A sayo min nawa cokalin."