Sifirin Motar Malam Idirisu

A shekarun da aka yanki Jigawa daga Kano, Dutse garin Litinin zuwa Juma'a ne. Ana saukowa daga masallaci ma'aikata suke cika motoci su nufi Kano wurin iyalansu, gari ya koma sai 'yan asalinsa da awaki. A da, Malam Idirisu ma haka yake yi. Mai kula da sito ne a wata ma'aikata, kuma tun da matarsa Lauratu ta rasu ya saki gidan hayarsu na Kano, ya tare a ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa, Iya Kubura, a bayan tasha.

'Yarsa ɗaya ce, Adawiyya, tana aure a Ringim. Da labari ya zo cewa ta sauka lafiya kuma suna ya faɗo ranar Lahadi, sai ya je kasuwar Shuwarin ya lafta wa tsohuwar Datsun ɗinsa buhun gero da na shinkafa da jarkar man gyaɗa. A hanyar dawowa ya faɗa wani rami, ya ji ƙara kamar an karya rake. Sifirin baya na hagu, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya karye, na dama kuma ya riga ya saki. Da jan ciki motar ta iso gida.

Wani direban ofishinsu ya sayo masa wasu na hannu daga Kano, amma ba su iso ba sai ranar Juma'a, kuma kafin ya kai su gareji bakaniken ya rufe ya bi ayari. Sai ya ari jak da sufanu wurin mai faci, ya ce shi ma ai ya taɓa ganin yadda ake yi.

Ranar Asabar da safe ya ɗaga motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya tokare ta da bulo, ya cire tayoyi, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Notunan duk tsatsa ta cinye su. Ya zuba musu kananzir, ya jira, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya zura bututun ƙarfe a hannun sufana ya danna da ƙafa. Wani ya yi kuka ya kwance, wani sai da ya sha duka. Garin tsatsa yana zubo masa a ido da gemu. Babu mai wucewa balle ya ce masa sannu. In yana son wata sufanar sai ya fito da rarrafe ya ɗauka ya koma. Sau da yawa ya buɗe baki zai ce a miƙo masa, sai ya tuna shi kaɗai ne.

Zuwa la'asar ɓangaren hagu ya ɗauru. A na dama ne ƙusar gaba ta ƙi. Ya ja har sufana ta zame, bayan hannunsa ya daki ƙarfe, fata ta saɓule. Ya zauna a ƙasa yana kallon jinin, ya daɗe bai motsa ba. Daga baya ya jiƙa tsumma da man birki ya naɗe notin, ya bar shi ya kwana.

Da asubar Lahadi, lokacin da ya san ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan surukansa, shi yana kwance a ƙarƙashin mota. Notin ya motsa, amma sai ƙusar ta riƙa juyawa tare da shi. Dole wani ya riƙe kanta ta waje, shi kuma ya murɗa ta ciki, hannunsa kuwa ba ya kaiwa duka biyun. Ya tokare sufanar da dutse, ta faɗi. Ya ɗaure ta da igiya, ta sulluɓe.

"Malam, da wa kake faɗa tun jiya?"

Iya Kubura ce tsaye a bakin zaure da 'yar sandarta. 'Ya'yanta duk suna Kudu, kuma tsakaninta da ɗan hayarta gaisuwa ce kawai.

"Da ƙarfe, Iya. Mai riƙewa na rasa."

"Ni ba mutum ba ce?"

Ya ji kunya, ya ce ba aikinta ba ne. Ba ta saurare shi ba, ta jawo turmi ta zauna, ta ce ya nuna mata. Ya kafa sufanar, ta kama da hannu biyu, ta ɗora ƙafa a kai. Ya koma ciki ya murɗa. Ta ce wayyo kafaɗarta, amma ba ta saki ba. Notin ya fara fitowa a hankali, yana ƙara.

Ta ce, "Jikan naka mace ko namiji?"

"Namiji, Iya."

"Allah ya raya. Ni nawa a hoto na san su."

Ya ci gaba da murɗawa. Ta zauna har ya buge ƙusar ta fita, ya ɗora sabon sifirin, ta sake riƙe masa ya ɗaure. Sannan ta tashi tana dafa gwiwa, ta shige gida.

Bai isa Ringim ba sai bayan azahar. An raɗa suna tun safe, maza sun watse, an rataye rago, cikin gida kuma ya cika da mata. Surukinsa ya tarbe shi da girmamawa, aka sauke buhuna, aka ajiye shi a zaure da kwanon waina. Can Adawiyya ta leƙo da jariri a zane, ta durƙusa.

"Baba, na zaci ba za ka zo ba. Me ya sami hannunka?"

"Mota ce ta ɗan yi gardama."

Ta miƙa masa yaron, ta ce sunansa Sharhabilu. Ya karɓe shi a kan gwiwa, yana kaffa-kaffa kada baƙin man da ya maƙale a faratansa ya ɓata zanen. Ya yi masa addu'a a kunne. Bai gama kallon fuskar ba aka ƙwala wa mai jego kira daga ciki, wai dangin miji sun iso daga Haɗeja. Ta ce ko zai kwana, tana waiwayen gidan da babu masaka tsinke. Ya ce a'a, gobe akwai aiki.

Ya kamo hanya rana tana sanyi. Motar tana tafiya daram, ba ta dukan ƙasa ko a gargada. Da ya wuce Jahun ya sauka gefen wata gonar dawa ya yi magariba shi kaɗai. Ya ɗauko sufana ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya, ya sami guda ya ɗan saki, ya ƙara masa ɗauri. Ya goge hannunsa da ciyawa, ya shiga mota ya kunna fitila.