Gaisuwar Janar a Xiaobei

Alhaji Kallamu, mutumin Maraɗi, shi ne ya fara tara Hausawan Guangzhou cin abinci bayan sallar Juma'a, tun zamanin da 'yan kasuwarmu suka soma kama shaguna a benen Tianxiu. Shi kuma ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau, cewa ba a sa hannu a faranti ɗaya da baƙo sai an gabatar masa da kowa, da sunan mahaifinsa da garinsu. Yakan ce a ƙasar da mutum ba shi da dangi, wajibi ne a san inda za a kai labarinsa idan wani abu ya same shi.

Zayyad na cikin masu halarta. Fitilun sola yake saye yana turawa Kano ta tashar jiragen ruwa ta Nansha. An san jirgin soja ya saki bama-bamai a kasuwar ƙauyensu, Tungar Kanya, inda ya rasa matarsa da mahaifinsa Mai Gari Issa. Amma ba wanda ya san cewa da safiyar ranar Mai Gari ya kira kwamandan yankin, Kanar Tankari, ya shaida masa taron da jirage ke shawagi a kansa cin kasuwa ne. Kunnen tsohon ya yi nauyi, don haka Zayyad ne ya tsaya kusa yana maimaita masa amsar Kanar. Daga baya Tankari ya rantse wa masu bincike ba wanda ya kira shi. Zayyad kuwa ya ba kotun ƙasa da ƙasa shaida ta bidiyo, an rufe fuskarsa, an sauya muryarsa, domin mahaifiyarsa da 'yarsa Surayya suna Kano.

Wata Juma'a ya shiga gidan abincin da suka saba a unguwar Xiaobei, ya tarar an ba wani baƙo mai farar shadda kujerar kusa da Alhaji. Bai taɓa ganin fuskar ba. Baƙon ya buɗe baki yana yabon shinkafar, nan take Zayyad ya gane muryar da ya ji a waya ranar harin ce. Alhaji ya ce wannan Janar Tankari ne mai ritaya, ya zo sayen kayan gini. Sannan ya bi jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, Zayyad na kallon gabatarwar tana matsowa, ƙofa kuma tana bayan Janar.

"Wannan kuwa Zayyad ne, ɗan marigayi Mai Gari Issa na Tungar Kanya. Gidan mutunci."

Janar ya kama hannunsa bai saki ba. Ya yi wa mamatan addu'a har aka shafa, sannan ya ce, a natse, yana murmushi: "Ranar da Mai Gari ya kira ni, na ji wata murya a gefensa tana maimaita masa maganata. Na daɗe ina son in ga mai muryar nan. Hajiya fa, tana raye?"

Sai Sharif, wani ɗan Kano mai son a san ya san mutane, ya amsa a madadin Zayyad cewa tana nan Rijiyar Zaki, gidan da ke bayan injin markaɗe, ai ko kwanan nan ya kai mata saƙo. Janar ya gode masa, ya ce zai aika a gaishe ta.

Zayyad bai san yadda ya sauko titi ba. A gindin gadar masu tafiya a ƙasa ya kira Amira, lauyar da ta karɓi shaidarsa. Ba ta ɓoye masa komai ba: kotu ba ta da ɗan sanda a Kano, ba ta da ikon kama kowa a China, kuma neman kariya yana ɗaukar lokaci. Ta ƙara da cewa ai Janar ya amsa da bakinsa an kira shi, ta tambayi ko su wa suka ji.

Ya koma ofishin Alhaji Kallamu ya faɗa masa komai. Tsohon ya cire hula ya daɗe yana duban cikinta.

"Ni na miƙa ka da bakina, ɗana," in ji shi. "Kira Hajiya."

Da farko ta ƙi barin Kano. Ta ce ta bar gida ɗaya da gawa a ciki, ba za ta bar na biyu saboda gaisuwa ba. Sai da Alhaji ya karɓi wayar ya roƙe ta don Allah da kuma marainiyar da ke hannunta ta yarda. Ƙanen Alhaji ya taso da mota daga Maraɗi don ya ɗauko su. Duk tsawon tafiyar Zayyad na zaune a kan kwalin fitilu, wayar na hannunsa, ko ta yi ƙara ba ya iya dubawa sai Alhaji ya duba masa. Washegari maƙwabta suka ce wasu mutum biyu sun zo a babur da buhun shinkafa, suna tambayar inda tsohuwa ta tafi.

Alhaji ya bi waɗanda suka ci abincin yana neman wanda zai faɗi abin da ya ji. Wani ya ce ƙarar fanka ta hana shi ji, wani ya ce yana ciniki a waya da laoban ɗinsa, wato Basinen da ke sayar masa da kaya, Sharif ya tashi ta filin jirgin saman Baiyun bai yi sallama ba. Alhaji kaɗai ya zauna gaban kyamara, ya ƙi a rufe masa fuska, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, sannan ya maimaita kalaman Janar.

Abin da aka samu shi ne takardar sammaci mai ɗauke da sunan Tankari, wadda har yanzu ba wanda ya kai masa, sai dai ya daina hawa jirgi zuwa ƙasashe da yawa. Zayyad ya rasa shagonsa na Kano da hanyar komawa gida, kuma har yau ba ya zama inda bayansa ke fuskantar ƙofa. Ya tsira da mahaifiyarsa da Surayya, suna Maraɗi a gidan Alhaji, shaidarsa kuma tana nan a gaban kotu bai janye ba.