Wanda Ya Ce Wake Zai Tashi

Goggo Mairamu ba ta je ofishin nan don a ba ta haƙuri ba. Haƙuri tana da shi a gida, har ya yi mata yawa. Ta je ne a wanke mata suna.

Ita ce uwar tafiyar matan unguwar Bagadaza a Gombe masu ajiyar wake. Da kaka su saya su jibge a ɗaki, in ta ce a fitar a fitar, in ta ce a dakata a dakata. Bara wani kamfani ya zo musu da manhaja a waya, wadda ake yi wa tambaya da baki ta amsa da Hausa. Mairamu ba ta karatu, amma kunnenta lafiya lau. Ta tambayi abin, ya ce mata wake zai tashi kafin azumi, ya kuma faɗa ba tare da ko inda-inda ba. Ta ce wa mata kada wadda ta kwance bakin buhu. Azumi ya zo, wake ya faɗi, ƙwari suka shiga na wasu. Wannan duk ana haɗiyewa, kasuwa ce. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne Saudatu, maƙwabciyarta, da ta bi gida-gida tana cewa waya ba ta faɗi komai ba, Mairamu ce ta ƙaga don ta riga kowa sayar da nata. Nata kuwa yana nan a ɗaki yana zubar da gari.

Ofishin kamfanin yana Tudun Wada, a saman wani shagon teloli. Manajan, wani Abdulmumini, ya ba ta kujera ta ƙi zama. Da ya ga ba ta da niyyar sauka, sai ya haɗa ta da wata ma'aikaciya, Halimatu Sadiya, ya koma ciki ya tura ƙofa.

Halimatu ta gaishe ta da ladabi, ta yi mata bayani a hankali. Ta ce na'urar ba ta san farashin komai da kanta ba, tana da kayan aiki da take tura wa tambaya kamar 'yan aike. Kowane ɗan aike yana da rubutaccen bayani da ke gaya wa na'urar abin da yake kawowa da yadda za ta ɗauke shi. Aikinta ita shi ne ta karanta waɗannan bayanai ta ga wanda ya cika da wanda bai cika ba. Mairamu ta ce ba makaranta ta zo ba, a nemo mata maganar ranar.

Aka nemo. Muryar ta fito daga kwamfuta, wake zai tashi kafin azumi, kamar yadda tsohuwar ta faɗa. Sai a lokacin Mairamu ta zauna.

Halimatu ba ta tsaya nan ba. Ta bi sawun amsar har zuwa ɗan aiken da ya kawo ta, ta karanta bayaninsa. Layi biyu ne kawai, wai yana kawo hasashen farashin wake. Bai faɗi cewa hasashen daga wani shafi yake ba, inda mutane ke zuba kuɗi, wasu su ce kaya zai tashi, wasu su ce zai faɗi, wanda ya dace ya kwashe. Bai faɗi cewa 'yan tsiraru ne suka zuba ba, balle a ce ba ma kasuwar Gombe suke nufi ba. Na'ura ta ga ɓangaren da ya rinjaya, ta ɗauke shi tamkar labari tabbatacce.

"Wato 'yan caca ne suka ba ni shawara," in ji Mairamu.

"Kusan haka ne, Goggo."

"Ba kusan ba, 'yata. Na yi shekaru ina auna wake, na san mudun da ya cika."

Manaja ya fito ya ce za a gyara rubutun a makon nan, har ya yi mata godiya da ta kawo ƙorafi. Mairamu ta ce ya gyara wa na'urarsa, na'urar ce mai karatu. Ita mutum take so, mai baki, ya je gaban matan ya maimaita abin da aka faɗa a nan. Ya ce ba tsarinsu ba ne. Ta gyara zama, ta ce ita ma ba tsarinta ba ne ta wuni a ofishin maza, amma yau za ta gwada.

Bayan la'asar Halimatu ta ɗauki jakarta, suka hau keke napep tare da Mairamu. A hanya ta ce wa tsohuwar in ana so, za ta tsaya a kan cewa waya ta faɗa, ta bar zancen cacar. Mairamu ta ce rabin magana shi ya kai su nan, ta faɗa duka.

Mata suka taru a tsakar gidan Mairamu. Halimatu ta kunna muryar, sannan ta faɗi inda maganar ta samo asali, ba ta rage komai ba. Saudatu ta ce to, ta ji, Goggo ba ta yi ƙarya ba, tana roƙo ta yafe mata. Mairamu ta ce ta sake faɗa, na bakin ƙofa ba su ji ba. Ta sake faɗa.

Sai wata mai suna Batul ta tambaya ko ya halatta a ci gaba da bin bakin wadda ta sa su ajiye abincinsu a kan bakin 'yan caca. Kafin magariba sun yanke cewa kaka mai zuwa Saudatu ce za ta ce a fitar ko a dakata.

Mairamu ba ta yi musu ba. Ta raka Halimatu bakin titi ta tsayar mata da keke, ta dawo ta fito da buhun farko, ta baza waken a tabarma ta fara tsince na kirki.