Abin da Sakinatu ta gani a wankan jego

Motar da ke zuwa garin Ɗan Isa na Nijar ta tsaya a shingen kan iyaka na Magama, direba ya fita da takardu wurin jami'ai. Sakinatu na zaune a baya kusa da surukarta, Inna Fati. Mijinta Rabe ya sauka sayen ruwa.

Daga asibiti suke, za su mai da Inna gida. Maganar likita ce ke ta yi wa Sakinatu yawo a ka. Ya ce abin da ke ƙirjin Inna ƙari ne, wato tsiron da jiki ke yi inda bai kamata ba. Ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Wani a wuri guda yake zama, a cire a huta, wani kuma yaɗuwa yake yi. Ya tambayi yaushe aka fara ganinsa, Rabe ya ce wata biyu. Likita ya so a yi gwaji nan take, Inna ta ce sai ta gama cire gyaɗarta.

Sakinatu kuwa shekara guda ke nan da ta gan shi. Da ta haihu, Inna ce ta ƙetaro daga Nijar yi mata wankan jego. Wata safiya tsohuwar ta duƙa tana tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi, zaninta ya zame, sai ga kumburi kamar goro kusa da hammata. Sakinatu ta kau da kai. Ta yaya za ta kai wa miji zancen ƙirjin mahaifiyarsa, ita da ko sunan matar ba ta kamawa?

"Inna," ta ce, idonta a ƙasa, "tun jego na gan shi. Ban faɗa ba."

"Na sani, ɗiyata. Ba ki ga daga ranar da riga nike miki wanka ba?"

Tsohuwar ta ce har yabonta ta yi a gida, ta ce Rabe ya auro mai kunya. Ta roƙe ta ta bar zancen a nan.

Rabe ya dawo, direba ya tada mota. Sakinatu ta juya wurin mijinta. Ta gaya masa ba wata biyu ba ne, shekara ce, kuma da idonta ta gani.

Rabe ya kalle ta. Sannan ya buga ƙofa, ya ce wa direba ya sauke musu kayansu, asibiti za su koma.