Kalmar da ta Kai Hambali Gidan Jandarma

A shekarar da Turawa sojojin haya suka kai hari birnin Kwatano, duk wanda ya taɓa gaisawa da Bature a Malanbil ya kwana da shirin ko-ta-kwana. Zeinabu na shanya kifi da hantsi aka zo aka ce mata jandarma sun tafi da babanta, Hambali masunci, daga bakin kogi. Ta bar kifin ta ruga. Ta san Na-Allah mai gyaran rediyo haka aka ɗauke shi, wata huɗu ba labari.

A gidan jandarma ta tarar da tsohon zaune a ƙasa, an cire masa hula. Kumandansu na riƙe da wata wasiƙa mai tambarin ƙasar waje da aka aiko wa Hambali.

"Ke ce ɗiyarshi? Mi ne ne APAM?" ya tambaye ta da Hausar kasuwa. "Wace ƙungiya ce? Su wa ke cikinta?"

Sai da ya ambaci sunan mai wasiƙar, Layosh, ta gane. Bature ne ɗan ƙasar Hongiri da ya zo auna ruwan kogi shekara uku da suka wuce. Jirginsa ya kife kusa da ƙauyen Garu, Hambali ya tsamo shi da ƙyar. Tun daga ranar yake kiran tsohon "apa".

"Ranka shi daɗe, ba ƙungiya ba ce," in ji ta. "Baba ke nan da harshensu. Ya ce muna tsohuwar kalma ce, daga bakin jinjiri ta hito, kamar yadda namu ke cewa baba tun ba su iya komi ba. In mutum za ya ce babana, sai shi ƙara harafi ɗaya a wutsiya, apam."

Wani jandarma ya yi dariya, ya buga gindin bindiga a ƙasa. Ta zabura.

"Ƙarya ta fi wannan tsari," in ji kumandan. Ya juya takardar, ya sa babban yatsa ya rufe wani wuri. "Nan ƙasa da Faransanci yake maki magana, ya ce ki kula da wani. Amma ba APAM ya rubuta ba. In gaskiya kike, hwaɗi abin da ke ƙarƙashin yatsana."

Zeinabu ta dubi babanta, ya sunkuyar da kai. Ta yi ta lalube a ranta. Ta tuna Layosh a gindin mangwaro yana nuna ƙirjinsa, apam. Yana nuna wani can, apya, babansa. Yana nuna ta... Kalmar ta ƙi zuwa. Ta ji ƙarar mota a waje, ta ce a ranta ta Kwatano ce ta zo ɗaukar babanta.

"Apad," ta ce da ƙyar. "Babanki."

Kumandan ya ɗaga yatsa, ya daɗe yana kallon takardar. Ya jefa ta cikin durowa ya kulle.

"Ɗauki tsohonki. In wata wasiƙa ta sake zuwa, ku biyu zan kira."

Sai da suka wuce kasuwar albasa Hambali ya yi magana.

"Mi yaron ya ce? Lahiyarshi lau?"

"Ban sani ba, Baba. Ba su karanta muna ba."

Ya tsaya zai koma ya tambaya. Ta riƙe masa hannun riga gam, ta ja shi suka nufi gida.