Mashiga Ɗaya Tak

A ofishin ita kaɗai ce ke zana ƙasar da take akwai a duniya. Sauran ma'aikatan ƙirƙira suke yi: su buɗe manhajar shirya fagen fama ta wasan yaƙin kwamfuta da suke ƙerawa, su watsa duwatsu nan, su ja kogi can, kafin shayi ya huce sun gama. Ita kuwa sai ta shimfiɗa hoton tauraron ɗan'adam a ƙarƙashin allon aikin, ta bi gaɓar kogi gida-gida, tana ɗaga tudu tana sauke kwari. Shi ya sa suka laƙa mata Safiyo, wato mai awon ƙasa.

Taswirar da take yi ta wani yanki ce mai jerin duwatsu, mashiga ɗaya tak a tsakaninsu. A nan matsalar take. Duk gwajin da aka yi, sojojin wasan sai su cushe a mashigar, kekunan yaƙi su tare hanya, mahaya su yi cirko-cirko a baya.

"Ki fasa dutsen nan ki buɗe wata hanya," in ji Oga, yana tsaye a kanta.

"Babu hanya a wurin, yallaɓai."

"To wa zai je ya duba?"

"Ni na duba."

Dogo, mai teburin kusa da ita, ya sheƙe da dariya. "Oga, rabu da ita. Dutsen gadon gidansu ne."

Oga bai yi dariya ba. Ya ce in ba ta gyaru ba kafin a rufe sabuwar fitowar wasan, za a cire ta a sa tsibirin da Dogo ya ƙaga, ita kuma ta koma gwada taswirorin mutane.

Ta gyara zaman kujera ta ci gaba.

Ta kwashe bishiyoyin bakin mashigar ɗaya bayan ɗaya, sojoji suka cushe. Ta lallaɓa gangaren, suka cushe. Idonta ya yi ja, wuyanta ya sage. Kullum Dogo sai ya leƙo ya ce, "Ƙanwata, yaya dutse? Ya motsa?" Kullum ta ce, "Yana gaishe ka."

Ana nan ta daina taɓa ƙasar. Ta ɗauke sansanonin biyu daga nesa ta dasa su dab da duwatsun, ta rage yawan kekuna, ta rubuta sabon sharaɗin nasara: wanda ya riƙe mashigar shi ya ci.

Ranar yanke hukunci Oga ya zauna buga wasan da kansa, ita tana riƙe da ɗaya ɓangaren. Ya turo rundunarsa gaba ɗaya, ta tare su da 'yan maharba a kan tudu. Ya zagaya ta arewa, dutse. Ya zagaya ta kudu, kogi. Ya ja tsaki ya ture linzamin kwamfutar.

"Wannan ai mugunta ce."

"Haka ƙasar take, yallaɓai."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya jawo linzamin.

"Sake sa mana. Ni zan riƙe tudun. Kai Dogo, tsibirinka ya jira fitowa ta gaba."

Ta danna maɓalli, ta ba shi tudun, ta fara jera sojojinta a kwari.